Gawayi a Hannun Yaro

 Na san a wannan lokaci wasu na kan hanyar komawa gida daga kasuwa, wasu iyayenmu mata suna bakin murhu rediyo na gefe, wasu kuma direbobi ne a kan hanyar Akwanga ko ta Doma. Mutanen Bukan Sidi, Tudun Gwandara, Shabu, Kwandere da sauran unguwanni da ƙauyukan da muryata ke kaiwa, ina yi muku sannu da aiki. Hirarmu ta yau a kan zanen yara ce, wannan jagwalgwalon da suke yi mana a ƙasa da bango da bayan littafin lissafi.

Bari in fara da nawa laifin, kada a ce na zo wa'azi ina wanke kaina. Shekarun baya na yi wa ɗakina sabon fenti ana saura kwana uku salla. Autata a lokacin shekararta huɗu. Na dawo da yamma na tarar ta samo gawayi a madafa ta yi aiki a bangon nan: wani ƙaton da'ira da sanduna biyu sun zubo daga ƙasansa, ƙananan da'irori biyu a gindi, sai wani dogon layi da ya miƙe har ya shige bayan kujera. Na yi faɗa iya faɗa, yarinya ta yi kuka har da shessheƙa. Da dare uwarta ta lallashe ta, ta ce mata, “Wai me kika zana ne?” Ta ce Baba ne a kan mashin. Dogon layin fa? Ta ce hanyar Makurɗi ce, ta ja ta har bayan kujera ne saboda na daɗe ban dawo ba. Jama'a, jikina ya yi sanyi. Yarinyar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba ta rubuto mini wasiƙa, ni kuma na amsa mata da tsawa. Washegari na keɓe mata wani yanki na katangar bayan gida, na ce nan naki ne, ki zana abin da kika ga dama, damina za ta wanke.

Wannan mutumin da ta zana, kai da ƙafafu babu ciki babu wuya, kowane yaro da shi yake farawa. Wata malamar renon yara a Amurka, Rhoda Kellogg, ta shafe shekaru tana tara zanen ƙananan yara daga ƙasashe daban-daban, har ta tara kusan miliyan ɗaya. Da ta baje su ta duba, sai ta ga jagwalgwalon da muke rainawa yana da tsari, har ta ware ire-irensa guda 20 waɗanda yara ke maimaitawa ko'ina. Ɗan shekara biyu yana kai hannu yana komowa ne kawai, daɗin motsin yake ji da mamakin ganin abu ya fito. Can sai layin ya fara lanƙwasa ya rufe ya zama da'ira. Wajen shekara uku zuwa huɗu da'irar ta samu idanu da ƙafafu, ta zama Baba ko Inna. Ɗan shekara shida ko bakwai shi ne zai ja layi a ƙasan takarda ya ce ƙasa ce, ya jera gida da bishiya da akuya a kai, rana kuma tana leƙowa daga kusurwa. Babu mai koya musu wannan. Kamar rarrafe ne da tsayuwa da tafiya, kowanne da lokacinsa, kuma ba ka taɓa ganin an doki yaro don ya yi rarrafe kafin ya yi gudu ba.

To ina muke kuskure? Wuri biyu ne, kuma duka da kyakkyawar niyya muke yi.

Na farko bakinmu. Yaro ya kawo maka takarda yana murna, sai ka juya ta sama ka juya ta ƙasa, ka ce, “Wannan kuma mene ne? Akuya ce ko tebur?” 'Yan ɗaki su fashe da dariya. Kai ka manta kafin ka gama shan shayi, shi kuwa ya riƙe. Gwada wata tambayar: “Zo ka ba ni labarinsa.” Za ka sha mamaki. Wannan baƙin dunƙulen da ka ɗauka ɓata takarda ne, ashe hadari ne ya taso daga gabas, ɗigon nan kuma kaji ne ke gudu su shige akurki. Kuma ba sai ka yi masa ƙarya ka ce ya fi kowa iyawa ba, yara na gane yabon ganin ido. Faɗi abin da idonka ya gani kawai: “Na ga ka yi wa motar taya shida, ta ɗaukar doya ce?” Shi ke nan, ya san ka duba da gaske.

Na biyu hannunmu, kuma wannan ya fi ɓarna. “Kawo in gyara maka.” Ka karɓi fensir ka zana masa kaza mai kyau a kan takardarsa. Yaro ya dubi taka ya dubi tasa, ya yanke hukunci cewa shi bai iya ba. Daga ranar duk sa'ad da aka ce ya zana kaza, sai ya miƙo maka fensir. Idan har za ka nuna masa wani abu, ɗauki taka takardar daban, ka zauna gefensa kowa na nasa. Abin da ya fi ma, ku fita tsakar gida ku kalli kazar tare. Yatsunta nawa? Ina ƙafarta ke lanƙwasawa, gaba ko baya? Idan za ta sha ruwa yaya take yi da wuyanta? Rabin koyon zane koyon kallo ne, hannu daga baya yake biyowa.

Wannan cutar ta karɓe fensir ta bi mu har aji. A manhajar firamare da hukumar NERDC ta tsara akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, kuma yana cikin jadawalin makarantunmu. Amma na taɓa shiga wani aji, ba zan kama sunan makarantar ba, na tarar malami ya zana kofi a allo, yara sama da sittin sun kwafi kofin nan, duka hannunsa na ɓangaren dama. Wanda nasa ya fi kama da na allo ya ci goma bisa goma. Wani yaro a baya ya zana kofin silba na gidansu mai lotsattsen gindi, aka ja masa jan biro. Ni a wajena shi kaɗai ne ya yi zane a ranar, sauran kwafi suka yi. Ba na zargin malamin, shi ma haka aka koya masa, ga yara cunkus, ga babu kayan aiki.

Wannan gardama ta kwafi da zanen abin da ido ya gani ma ta girmi dukkanmu. Aina Onabolu, mutumin Ijebu Ode da aka haifa a 1882, shi ne ya yi ta faɗi-tashi har aka shigar da darasin zane makarantun Legas. Da kansa ya koya tun yana yaro, daga baya ya tafi Ingila da Faransa ya ƙaro ilimi, ya dawo a 1922 yana yawo makaranta-makaranta yana koyarwa. Da aiki ya yi masa yawa ya nemi gwamnati ta kawo ƙarin malami, aka kawo wani Bature, Kenneth Murray, a 1927. Shi Murray abin da ya dage a kai shi ne ɗalibai su bar kwaikwayon hotunan littattafan Turai, su zana abin da ke ƙofar gidansu: kasuwa, masu hawan kwakwa, 'yan rawa. Cikin ɗalibansa aka samu Ben Enwonwu, wanda sunansa ya zaga duniya. A 1958 kuma wasu ɗalibai a Zariya, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan wannan magana dai, cewa mai zane ya ɗebo daga rijiyar gidansu. To mu a Lafia me muka rasa? Ga fadar Sarki da dogarai, ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ga tulin doya da buhunan riɗi a kasuwa, ga duwatsun Eggon da ke tare maka ido a hanyar Akwanga. Wanda aka taɓa kai shi Farin Ruwa a Wamba, ko ya ga mata na dafa gishiri a Keana, yana da abin zanawa na wata guda. Amma sai ka ga yaronmu yana zana tuffa da gida mai bututun hayaƙi, abin da bai taɓa gani ba sai a littafi.

Na san abin da wani uba ke faɗi yanzu a ransa: “Malam, ana ta abinci wa ke ta fensirin kala?” Gaskiyarka. Shi ya sa zan ɗan daɗe a nan, don kusan duk abin da ake bukata yana cikin gidanka.

Takardar farko ita ce ƙasa. A share tsakar gida, a yayyafa ruwa, a ba yaro tsinke. Da haka 'yan mata ke shata 'yar gala-gala tun kaka da kakanni. Bayan ƙasa sai kwalin da mai shago zai yar, da tsohuwar kalanda, da bayan fastocin 'yan siyasa, waɗanda in zaɓe ya wuce ba su da sauran aiki, gara su yi wannan. Gawayi na itace mai laushi ya fi fensir daɗin zane a kan kwali, kuma in an murza da yatsa yana ba da inuwa.

Launi kuma a madafa yake. Jiƙa zoɓo da ruwa kaɗan ya yi kauri, ka samu ja. Gangamau, wanda wasu ke kira kurkum, ya ba ka rawaya. Bular wanki ta ba ka shuɗi. Jar ƙasa a tankaɗe ta a dama, ganyen alayyafo ko na zogale a daka a matse a samu kore. Baƙi kuwa almajirai sun riga kowa sani, gawayi ne da ƙaro, tawadar da ake rubutun allo da ita. Ƙaron nan shi ke sa launi ya kama takarda, saboda haka ɗiga kaɗan a cikin sauran ma. Ga wani abin da zai sa yara su yi tsalle: bayan sun shafa zoɓo a takarda, a tsoma tsinke a ruwan kanwa a ja layi a kai, nan take wurin zai juye ya yi duhu, shuɗi-shuɗi ko kore-kore. A yi wa gangamau haka, rawaya ta koma ja. Ka ga an shiga darasin kimiyya ba tare da an ambaci sunansa ba. Buroshi kuma, tauna kan asuwaki ya yi laushi, ko a ɗauko gashin kaza, ko a naɗa auduga a tsinken tsintsiya. Murfin kwalba da gwangwanin madara su ne kwanukan launi.

Akwai wani aiki da nake so ƙwarai, don ko yaron da ke cewa bai iya komai ba yana cin nasara a ciki. Yanka kuɓewa gida biyu a kwance, ka duba bakin yankan, fure ne sosai da ɗakunansa da 'ya'yansa. A dangwala a zoɓo a buga a takarda. A sake bugawa. Jere ɗaya ja, jere ɗaya rawaya, kafin ka ankara yaro ya fitar da zanen atamfa. Gutsuren doya ko dankali da za a zubar, babba ya sassaƙa masa tauraro ko dagi a jiki ya zama hatimi. Haka ganye: a sa ganyen gwaiba ko na mangwaro a ƙarƙashin takarda, bayansa na sama, a goga gawayi a kwance a hankali, sai jijiyoyin ganyen su fito ɗaya bayan ɗaya kamar hanyoyin gari. Na ga yaro ɗan shekara biyar ya yi wannan, ya ɗaga takardar ya leƙa ƙarƙashi, ya mayar, ya sake leƙawa, yana neman wanda ya zana masa.

In ana son liƙe-liƙe, a dama garin rogo ko sitati da ruwan zafi ya zama gam. Ƙyallayen da tela ke sharewa, ɓawon gyaɗa, ƙwayar masara, riɗi, yashi, duk a liƙa a kwali a fitar da gida ko zakara. Kara kuwa ba sai na koya wa kowa ba. Wane ne a cikinmu bai ƙera motar kara da tabarau na kara ba, ko motar gwangwani mai tayar silifa?

Sai dai a kula da wasu abubuwa. Reza da wuƙa aikin babba ne. Kada a bar yara su fasa tsohon batir don su samu baƙin cikinsa, na san ana yi don baƙanta allo, amma guba ne. Fentin gida da na mota ba na hannun yara ba ne. Ruwan ƙwallon kashu yana ƙona fata. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara uku kuma komai baki suke kaiwa, a nisanta su da ƙwayoyi da ɗanyen rogo.

Yanzu in akwai mai naira 20 a aljihu, in dai har yanzu ana samunta, ya juya bayanta. Matar nan da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali da ke yankin Abuja a yau, maƙwabtanmu na kusa. Ba ta yi boko ba. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, tana kallo tana taɓa yumɓu. A jikin tulunanta take zana ƙadangare, kunama, kifi, kada da tsuntsaye, abubuwan da ta tashi tana gani. A 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Ta je Ingila da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. In muka matsa arewa kaɗan zuwa kudancin Kaduna, a ƙauyen Nok masu haƙar kuza suka fara tono siffofi na gasasshiyar laka a 1928, aikin da ya haura shekara dubu biyu. Saboda haka idan ɗanka ya dawo daga bakin rafi da laka har gwiwar hannu ya ƙera saniya mai tozo, gadon yankin nan ya taɓa. Ka nuna masa ya cakuɗa yashi kaɗan a yumɓun, ya shanya a inuwa don kada ya tsage, sa'an nan ka tura shi wanka.

Akwai tambayar da iyaye Musulmi ke yawan yi mini, kuma ba zan tsallake ta ba: zanen abu mai rai fa? Malamai sun yi dogon bayani a kai, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa ga wasan yara da abin koyarwa, suna kafa hujja da ruwayar da ta zo a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana. Kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Amma ko ka ɗauki ra'ayi mafi tsanani, filin da ya rage yana da faɗi. Dubi allon zayyana da ake yi wa mai sauka, da launukansa da ƙulle-ƙullensa. Dubi aska takwas a wuyan babbar riga, da zanen hula, da na ƙwarya, da adon bangon gidajen Zariya da Kano, da lallen da ake yi wa amare. Ga itatuwa, motoci, masallatai, taswirar unguwa. Duk wannan zane ne, kuma gwanayensa da shi suke ci da iyalinsu.

Wannan ya kawo ni kan masu cewa wasa ne, ɓata lokaci ne, a bar yaro ya yi karatu. Yatsun da ke murza yumɓu da riƙe gawayi su ne gobe za su riƙe alƙalami, kuma baƙaƙen boko da na ajami ba komai ba ne illa da'ira da sanda da lanƙwasa. Yaron da ya ƙoshi da jagwalgwalo ba ya shan wuyar rubuta “a” da “b”. Tela kafin ya sa almakashi sai ya shata da alli. Kafinta, magini, mai walda da ke fitar da ƙofa mai ado, mai rubuta allon shago, injiniya, ma'aikaciyar jinya da za ta zana zuciya a jarrabawa, duka da layi suke farawa. Tutar ƙasar nan ma da yara ke zanawa kowace ranar 1 ga Oktoba, wani ɗalibi ne, Taiwo Akinkunmi, ya zana ta yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ci gasa da ita. A zanensa na asali har da jar rana a tsakiya, alƙalan gasar suka cire.

Inda aka fi asarar yara shi ne wajen shekara tara zuwa goma sha ɗaya. A nan ido ke riga hannu girma. Yaro ya fara ganin dokinsa bai yi kama da doki ba, ya yage takarda, ya ce shi ba shi da baiwa. Yawancin manyan da ke cewa ko layi ba su iya ja ba, a nan suka tsaya. Wannan ne lokacin da ya dace a koya masa dabara: ya miƙa hannu da fensir ya rufe ido ɗaya ya auna tsawon buta da faɗinta, ya lura abin da ke nesa yana ƙanƙancewa, ya duba ta ina haske ya bugi tulu, ina inuwa ta faɗa. A ajiye masa takalmin makarantarsa a gabansa ya zana shi yau, ya sa kwanan wata, ya sake bayan mako biyu, ya gwada su da kansa.

Malamai masu aji cike, ku ma ga sauƙi. Ba dole kowa ya samu kwalin kala ba. A raba yara rukuni-rukuni, a shimfiɗa wa kowane rukuni babban kwali ɗaya, a ce yau kasuwa za mu yi: wannan ya zana mai doya, wancan mai keke-napep, waccan mai awara. Ko a fita gindin bishiya kowa ya shata filinsa a ƙasa. In an gama a zaga a kalla, kowa ya ba da labarin nasa, da Hausa ko Eggon ko Alago ko Gwandara ko Turanci, wanda bakinsa ya fi sakewa da shi. A ɗaura igiya a bangon aji a rataye aikin kowa, har da na yaron nan na baya mai lotsattsen kofi. Jan biro kuma a ajiye shi sai darasin lissafi.

Lokaci ya ƙure mana, na ga ana ɗaga mini hannu ta bayan gilashi. Ga aikin gida na wannan mako, na iyaye ne ba na yara ba. Gobe da la'asar a samo kwali ɗaya da gawayi ɗaya, a ce wa yaro ya zana hanyar da yake bi daga gida zuwa makaranta ko zuwa gidan kakarsa, da duk abin da yake gani a kai. Ku zauna kusa, ku harɗe hannuwanku. In ya gama ku nemi labari, ku rubuta sunansa da kwanan wata a baya, ku adana a ƙasan akwati. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauko ƙere-ƙeren kara da gwangwani, saboda haka kada a zubar da gwangwanayen madara.